Labarin Zuciya a Tambayi Fuska: Yadda Ake Nazarin Zanen Fuska na Cin-Asid

Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya zauna ajin nazarin rubutacciyar waƙa ya san ba a tsayawa ga cewa "waƙar nan ta yi daɗi." Malam zai tambaye ka, ta yi daɗi ta ina? Sai ka kawo jigo, ka kawo zubi da tsari, ka kawo salo da sarrafa harshe, sannan a yarda ka karanta ta. Amma da za a ajiye wa yawancinmu zanen fuskar wani mutum a ce mu yi bayani, iyakar abin da za mu ce shi ne, "Kai, kamar ya yi magana!" mu wuce.

Wannan ɗan rubutu zai yi ƙoƙarin nuna cewa zane ma ana karanta shi kamar yadda ake karanta waƙa. An zaɓi nau'i guda na zane, wato wanda ake yi a kan allon jan ƙarfe da taimakon asid, sannan a buga shi a takarda. Dalilin zaɓensa shi ne ba shi da launi da zai ɗauke wa mutum hankali. Baƙin layi ne da farar takarda, shi ke nan. Za a fi jingina da ayyukan Rembrandt, mutumin ƙasar Holan, wanda aka haifa a Leiden a 1606, ya rasu a Amsterdam a 1669, ya kuma bar irin wannan zane kusan 300.

Kafin mu tafi Holan, mai karatu ya laluba aljihunsa ya fito da takardar naira 200, ya matso da ita kusa da ido, ya dubi fuskar Sardauna Ahmadu Bello. Zai ga ashe fuskar ba shafe take da tawada ba, ƙananan layuka ne da ɗige-ɗige jere da juna, inda suka cushe wuri ya yi duhu, inda suka yi nesa da juna wuri ya yi haske. In takardar sabuwa ce, ya shafa ta da yatsa, zai ji tawadar ta ɗan taso. Wannan ɗan'uwan abin da za mu tattauna ne, domin dukkansu a cikin rami tawada ke zama kafin ta hau takarda. Bambancinsu shi ne irin zanen kuɗi asalinsa sassaƙa ne da ƙarfe mai kaifi, namu kuwa asid ne ke haƙa ramin.

Sunan Abin da Asalinsa

Turawan Ingila suna kiran wannan sana'a etching. Sun aro kalmar daga harshen mutanen Holan, su kuma daga Jamusanci, inda tushenta ke nufin a sa wani abu ya ci. Faransawa kuwa da sunan asid ɗin suke kiran ta, wato ruwa mai ƙarfi. Tun da mu ma muna cewa tsatsa ta ci ƙarfe, za mu kira shi zanen cin-asid a wannan rubutu.

Daga maƙera sana'ar ta fito. Masu ƙera sulke da makamai a Turai sun daɗe suna amfani da asid wajen yi wa ƙarfe ado. A wajajen shekarar 1500 wani mutumin Augsburg a Jamus, mai suna Daniel Hopfer, ya fara shafa wa irin wannan ƙarfe tawada yana buga shi a takarda. Da baƙin ƙarfe aka fara, daga baya aka koma wa jan ƙarfe, saboda tsatsa ba ta cin sa kamar wancan, ga shi kuma yana karɓar siririn layi.

Yadda Ake Yin Sa

Ba za a iya yaba dabara ba sai an san yadda aikin yake, don haka ga matakansa a taƙaice.

Da farko akan goge allon jan ƙarfe ya yi sumul, a ɗumama shi, a shafe shi da wani haɗi na kakin zuma da ƙaro da kwalta. Sau da yawa akan bi fuskar da hayaƙin kyandir ta yi baƙi, don mai zane ya riƙa ganin abin da yake yi. Daga nan sai ya ɗauki allurar ƙarfe mai mariƙi ya yi zanensa. Allurar ba haƙa ƙarfen take yi ba, kakin kawai take yayewa, shi ya sa hannu ke tafiya a sake kamar na mai riƙe da alƙalami.

In ya gama, sai a sa allon cikin asid. Duk inda kaki ya rufe asid ba ya taɓawa, duk inda allura ta bi kuwa sai ya ci ya bar rami. Mata masu ƙunshi sun san wannan hikima: inda aka manna salatif lalle ba ya kamawa. Haka ma masu adire a ƙasar Yarbawa, inda aka shafa kullun rogo baba ba ya shiga. Gwargwadon daɗewar allon cikin asid, gwargwadon zurfin ramin, gwargwadon kuma baƙin da layin zai yi. Mai zane yakan fitar da allon, ya rufe wuraren da yake so su tsaya da haske, ya mayar da shi sauran su ƙara ciwuwa. Jacques Callot na Lorraine, wanda ya rasu a 1635, shi ne ya shahara da inganta wannan dabara.

Bayan haka sai a wanke kakin, a cusa tawada mai kauri cikin ramukan, a goge saman allon da ƙyalle da tafin hannu. A ɗora jiƙaƙƙiyar takarda, a rufe da bargo, a tura tsakanin gangunan injin matsi guda biyu. Ƙarfin matsin ne ke tura takardar cikin ramukan ta kwaso tawadar. Shi ya sa bugu na asali yake da shatin gefen allon a jikin takarda.

Akwai abu guda da ya kamata a riƙe. Abin da aka zana a dama, a hagu zai fito, kamar hatimi. Ke nan mai zane a juye yake tunani, har sunansa sai ya rubuta daga dama zuwa hagu kamar mai rubuta ajami. Rembrandt kansa ya sha mantuwa, domin a wasu ayyukansa na ƙuruciya akan ga lambar shekara ta fito a juye.

Dabara: Layi Shi ne Harshen Mai Zane

Abin da kalma take ga mawaƙi shi ne layi ga mai wannan zane. Ba shi da ruwan toka, ba shi da ja ko shuɗi. In yana son inuwa mara ƙarfi, sai ya jera siraran layuka nesa da juna. In yana son ta ƙara duhu, sai ya gicciya wasu a kansu kamar saƙar tabarma. In fatar goshi ce ko kumatu, sai ya koma ga ɗige-ɗige da gajerun layuka. Haske kuwa ba a zana shi, takardar ake bari yadda take. Saboda haka wurin da mai zane ya ƙi taɓawa yana cikin aikinsa, kamar yadda shirun mai ba da tatsuniya yake cikin tatsuniyar.

Abu na farko da mai nazari zai duba shi ne ko layin yana sauyawa da sauyawar abin da ake zanawa. A hannun gwani, layin gashi daban, na gemu daban, na tufa mai kauri daban, na ƙyallin ƙarfe daban. A 1630 Rembrandt, yana ɗan shekara 24, ya zauna gaban madubi ya yi jerin ƙananan zane na fuskarsa, nan yana dariya, nan ya ɗaure fuska, nan ya zaro ido kamar wanda ya firgita. Wannan na ƙarshe tsawonsa bai wuce santimita 5 ba, wato kusan girman akwatin ashana. Gashin kansa layuka ne a murɗe da aka yi da sauri, gefen fuskar da haske ya bugo kuwa kusan babu komai a kansa. Duk da haka mai kallo yana ganin cikakkiyar fuska, domin idonsa ne ke cike gurbin da aka bari.

Abu na biyu shi ne a gane ba kowane layi asid ya ci ba. Rembrandt yakan haɗa hanyoyi uku a allo guda. Akwai na asid, mai tafiya a sake. Akwai na sassaƙa da ƙarfe mai kaifin baki, wanda yake fitowa tsaf, ya fara siriri ya yi kauri ya ƙare da tsini. Akwai kuma wanda ake karta allon kai tsaye da allura, ba kaki ba asid. Wannan kartar takan tayar da 'yar geza ta ƙarfe a gefen layin, gezar ta riƙe tawada, sai layin ya fito baƙi ƙirin mai laushi kamar karan-miski. Sai dai gezar ba ta da ƙwari, bayan bugu kaɗan matsin injin yake kwantar da ita. Wannan ne ya sa bugun farko-farko ya fi na baya daraja nesa ba kusa ba. Allunan Rembrandt da dama sun rayu bayansa, 'yan kasuwa suka yi ta buga su har suka suɗe, don haka zane guda yana iya kasancewa a gidajen tarihi biyu, ɗaya da ransa, ɗaya kamar wankakken atamfa.

Gwanaye ba su bi hanya ɗaya ba. Anders Zorn na Suwidin, wanda ya rayu daga 1860 zuwa 1920, ba ya damuwa da shata gefen fuska. Dogayen layuka yake jerowa a karkace kamar ruwan sama mai iska. In ka matso ba ka ganin komai sai karce, in ka ja da baya sai mutum ya bayyana zaune. Haka ya yi wa masanin nan na Faransa, Ernest Renan, a 1892. Wannan shi ne salo, kuma da shi ake gane mai zane ko da bai sa hannu ba.

Tsari: Inda Aka Ajiye Komai

Tsari shi ne yadda aka raba filin takarda: ina aka zaunar da mutumin, daga ina haske ya fito, ina yake kallo, me ke hannunsa, me aka bari a duhu. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya zo bisa tsautsayi.

Mu ɗauki zanen Jan Six na 1647. Six saurayi ne ɗan masu arziki a Amsterdam, yana da shekara 29 a lokacin, marubucin waƙa da wasan kwaikwayo, wanda daga baya, a 1691, ya zama magajin garin. Bisa al'adar zamanin, mai kuɗi yakan tsaya ƙyam ya fuskanci mai kallo don a ga isarsa. Rembrandt bai yi haka ba. Ya jingina Six da taga, ya ba ta baya, kansa a sunkuye yana karanta wasu takardu. Ɗakin duk duhu ne, an saƙa shi da layuka ƙanana masu yawan gaske, har sai an lura sosai sannan a hango takobi da mayafi da littattafai a kan kujera. Wuri mafi haske shi ne tagar, kuma a jikinta kansa yake, don haka ido can yake fara sauka, sannan ya gangaro kan takardun. Fuskar kuwa, da yake haske ta baya yake, wani sassauƙan haske ne ya same ta, kamar wanda takardun suka mayar. Kayan isa suna nan amma an tura su inuwa, karatu aka ba haske. Jigon ke nan, kuma tsari ne ya faɗe shi. Wani abin lura, a zanen gwaji da Rembrandt ya fara yi a takarda akwai kare yana tsalle jikin Six. Da aka zo kan allo aka cire karen. Duk wanda ya taɓa soke baiti mai daɗi don ya saɓa wa jigo zai gane dalili. Allon jan ƙarfen wannan zane ya ci gaba da zama a hannun zuriyar Six a Amsterdam.

Misali na biyu shi ne zanen Jan Lutma na 1656, tsoho maƙerin zinariya da azurfa. Yana zaune a babbar kujera, riƙe da wani ɗan abin da ya ƙera, a gefensa ga guduma da kayan aiki a kan tebur. Ko ba a rubuta sana'arsa ba, an gaya mana. Idanunsa a ɗan lumshe suke, irin na mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana duban ƙananan abubuwa. Tufarsa baƙa ce mai nauyi, farin gemunsa da fuskarsa suka fito a tsakaninta da hularsa.

Wannan zane ya kawo mu ga abin da ake kira mataki. Mai zane yakan buga 'yan kofe, ya koma kan allon ya ƙara ko ya kankare wani abu, ya sake bugawa. Kowane sauyi mataki ne sabo. A matakin farko na zanen Lutma bangon bayansa fari ne fes, a na biyu an ƙara taga da kwalba da rubutu. Wanda ya jera su zai ga yadda tagar ta ba ɗakin zurfi, amma ta raba hankalin da a dā yake kan fuskar tsohon kaɗai. Haka ya faru da zanen da Anthony van Dyck na Antwerp ya yi wa kansa a wajajen 1630. Kai kawai ya zana a saman allon, ya bar sauran fili. Bayan rasuwarsa a 1641 wani mai sassaƙa, Jacob Neeffs, ya cike filin, ya mayar da kan kamar gunki a kan dandamali don a yi bangon littafi a 1645. Masana da yawa sun fi yaba na farko, wanda ba a gama ba. Matakai tamkar kofe-kofen rubutun hannu ne na waƙa guda, ana kwatanta su don a ga tunanin mai aikin yana tafiya.

Mutum Ɗaya, Fuska Biyu

Hanya mafi sauƙi ta gane ƙarfin dabara da tsari ita ce a kwatanta zane biyu da Rembrandt ya yi wa kansa.

Na farko a 1639 ne, shekarar da ya sayi ƙaton gida a Amsterdam kan gilda 13,000. Ya sa tufafin manyan mutanen ƙarnin da ya gabace shi, hula a karkace, gashi ya zubo kafaɗa, ya ɗora hannu a kan katangar dutse, hannun rigar ya zubo waje kamar zai taɓa mai kallo. Jikinsa a gefe yake, ya juyo yana kallonmu ta kan kafaɗa. Bayansa fili ne fari. Wannan tsayuwa daga zanen manyan Italiya ya aro ta, Titian da Raphael, waɗanda ya ga ayyukansu a Amsterdam. Zanen kirari ne, mutum yana cewa ni ma na kai.

Na biyu a 1648 ne. A tsakanin nan matarsa Saskia ta rasu a 1642. Yanzu yana zaune gefen taga cikin rigar aiki da hula mara ado, allura a hannu, abin zane a gabansa. Bai karkace ba, ya fuskance mu sosai, ko kuma a ce ya fuskanci madubi. Farin filin nan na dā ya zama duhu, hasken taga ne kawai ya bugi gefen fuskarsa da hannunsa. Layukan sun cushe, fuskar ta yi nauyi, babu murmushi babu ɗaure fuska. Shekara 8 bayan wannan, a 1656, bashi ya kai shi ƙasa, daga baya aka sayar da gidan da kayansa. Gidan nan ne aka mayar gidan tarihi da sunansa a 1911.

Masu iya magana sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Amma a nan ba fuskar kaɗai ta ba da labarin ba. Tufa ta bayar, zama ya bayar, yawan baƙi da yawan fari sun bayar.

A Nan Gida

Kada a ɗauka sana'ar ta tsaya a Turai. Bruce Onobrakpeya, wanda aka haifa a 1932 a ƙasar Urhobo, ya shiga kwalejin fasaha ta Zariya a 1957, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, kuma yana cikin ƙungiyar ɗaliban zane ta Zariya tare da su Uche Okeke da Yusuf Grillo da Demas Nwoko. A 1967 asid ya ɓata masa wani allo, ya cike wurin da gam mai daskarewa, da ya buga sai zanen ya fito da tudu da kwari masu ban sha'awa. Daga wannan kuskure ya gina salon da aka san shi da shi a duniya. Ya fi karkata ga tatsuniyoyi da al'adun mutanensa bisa zanen fuskar mutum ɗaya, amma ma'aunin da muka kawo yana aiki a kan ayyukansa.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata, ɗalibin da aka ajiye wa irin wannan zane yana da abin faɗa. Ya fara kallonsa daga nesa ya lura da inda idonsa ya fara sauka, ya tambayi kansa me ya ja shi can. Ya nemo inda haske ya fito. Ya matso ya ga irin layukan da aka yi fata da gashi da tufa da su, da wuraren da aka bari fari. Ya duba hannu da abin da yake riƙe da shi, da inda mutumin yake kallo. In akwai mataki fiye da ɗaya ya jera su. Sai a ƙarshe ya ce ga abin da mai zane yake faɗa game da wannan mutum, ga kuma hujja.

Gani ya kori ji. Gidan tarihi na Rijksmuseum da ke Amsterdam da gidan tarihin Birtaniya da ke Landan sun sa hotunan waɗannan zane-zane a intanet kyauta, ana iya ƙara girmansu har a ƙirga layuka. Ina kira ga 'yan'uwa ɗalibai su nemo zanen Jan Six ko na Lutma, kowa ya rubuta shafi guda a kansa da Hausa. Nan ne za mu ga inda kalmominmu suka isa da inda sai mun ƙirƙiro, domin sunaye irin su cin-asid da geza da mataki da aka yi amfani da su a nan shawara ce kawai. Wanda ya samo waɗanda suka fi su dacewa ya kawo wa mujalla a fitowa ta gaba.